Gangunan Hawa na Uku

"Ba zan shafe ta ba, Yallaɓai."

Manaja ya ɗago kai daga fayil, ya dube ni ta saman tabarau. Wata bakwai ke nan ina aiki a ƙarƙashinsa a ofishin kula da rukunin gidajen gwamnati, gidajen da aka gina wa masu ƙaramin ƙarfi, kuma ban taɓa yi masa musu ba. Ya maimaita umarnin a hankali, kamar yana magana da mai ciwon kunne: in ɗauki Baba Magini da rabin buhun siminti, mu je hawa na uku a benen ƙarshe, mu cike tsagar da ke baranda, a bi ta da fenti kafin Alhamis, ranar da mutanen hedikwata za su zo zagayen shekara.

Na ce tun farko na ji. Na ce siminti ba zai hana barandar faɗuwa ba, iyakarsa ya hana a ga tana shirin faɗuwa.

Bai yi faɗa ba. Da ma ba mafaɗaci ba ne, dattijo ne mai sanyin murya, saura shekara biyu ya ajiye aiki. Ya jawo durowa ya nuna min kwafin wasiƙun da ya rubuta a kan injin tura ruwan benen nan, guda goma sha ɗaya, ba wadda aka amsa. Sannan ya nuna min benen bakin titi ta taga. Labarinsa ba sai an ba ni ba. Shekara biyar da suka wuce wani ya kai ƙarar tsagewar bango, aka zo aka kwashe iyali talatin da biyu, wai na wata uku a gyara. Har yau tantabaru ne a ciki.

"Mutanen nan ba su san gyara ba, 'yata, kwasa suka sani," in ji shi. "Kuma mahaifiyarki a hawan nan take. Je ki yi tunani. Takardar tabbatar da ke a aiki ma ba a sa mata hannu ba tukuna."

Na san ba barazana yake yi ba, tuna min yake. Na ce na gode, na ɗauki hular kwanona na fita.

A hawan nan aka haife ni. Babanmu direban hukumar gidaje ne, da ya rasu aka bar wa Umma ɗaki biyu da kicin a ƙofa ta biyar. Ƙofa takwas ce a jere, duk suna buɗewa a kan baranda guda. Ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Daga jikin bango ta fito ta miƙe a iska, rodin da ke cikinta kaɗai ke riƙe da ita. Ita ce hanyarmu zuwa matakala, ita ce wurin shanya da hira, a kanta kowane yaron hawan ya yi rarrafe.

Shekara tara ke nan da injin da ke tura ruwa zuwa tankin sama ya ƙone. Tun daga nan ruwa ba ya hawowa wurinmu sai Talata da Asabar da safe, awa biyu ko uku, lokacin da famfon ƙasa yake da ƙarfi. Matan hawan suka haɗu suka sayi doguwar mesa, a jefa ta ƙasa a ɗaura a famfo, kowa ya cika gangunansa bi da bi. Manyan gangunan roba ne shuɗɗa, kowane gida uku, wasu huɗu. Kuma da yake mu mutane ne masu kara, ba wanda ya ajiye nasa a bakin ƙofa ya tare wa maƙwabci hanya. Kowa ya tura su can bakin baranda, jikin 'yar katangar. Ni ma da hannuna na tura namu ina yarinya, har ana yaba min hankali.

Sai da na je kwalejin fasaha na karanta gini na gane abin da muka yi. Wurin da muka zaɓa don ladabi shi ne wuri mafi muni a duk barandar. Ganga ashirin da bakwai, kowace kilo ɗari biyu in ta cika. Nauyin ƙananan motoci biyar ke nan muka jera a can ƙarshen da ba abin da ke tallafe shi, ga tsiyayar ruwa kullum tana ratsa siminti tana sa wa rodi tsatsa. Tsagar kuwa tana gindin bango, daidai dokin ƙofofi, ta fi buɗewa a ƙofa ta bakwai da ta takwas. Kowa ya rufe tasa da tabarma ko tsumman goge ƙafa.

Ban yi gaggawar magana ba. Na roƙi Baba Magini, tsohon maginin ofishinmu, ya yanko min siraran gilashi uku. Muka liƙa su da siminti a gicciye kan tsagar, na kife wa kowanne gwangwani don kada a taka. In tsaga ta tsaya, gilashi zai zauna lafiya. In tana ƙara buɗewa, zai fashe. Baba Magini ya ce shekararsa arba'in yana gini, bai taɓa ganin an sa wa daɓe tabarau ba. Bayan kwana tara, biyu daga ciki suka fashe, ranar Asabar, bayan an gama cika ganguna. Bai ƙara wannan dariyar ba, kuma na lura in zai bi barandar sai ya raɓu da bango.

Washegarin maganata da Manaja Talata ce. Na bari sai da aka jefa mesa ƙasa, kowa ya fito, sannan na ce ina da magana kafin a buɗe ruwa. Gwaggo Mai Keke ta ƙofa ta bakwai ce ke riƙe da bakin mesar, don ita ke raba layi. Tela ce, ita ta ɗinka min kayan makaranta tun daga firamare, kuma aminiyar Umma ce ta shekara ashirin da biyu.

"Ku yi shiru," in ji ta, "Injiniya za ta karanta mana labarai."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na sa matar ɗan sanda ta ƙofa ta biyu ta miƙe hannunta, na rataya mata bokiti mai rabin ruwa kusa da kafaɗa, ta ce ba komai. Na zame shi zuwa tsintsiyar hannunta, nan take hannun ya sauka. Na ce haka barandar nan take ji shekara tara. Na nuna musu fasassun gilasan. Sun gane sarai, abin da ya fi yi min ciwo ke nan daga baya. Ba wadda ta ce ƙarya nake yi.

Amma Gwaggo ta tambaye ni inda za ta kai ganga huɗu. Ɗakinta ga keke, ga gado, ga jikoki uku da 'yarta ta bari. Ta ɗaga zani ta nuna min gwiwoyinta da suka kumbura kamar an hura, ta ce matakala hamsin da huɗu ce daga tankin ƙasa zuwa nan, ta ƙirga ba sau ɗaya ba. Ta ce shekara tara barandar tana ɗauke da mu ba ta yi ƙorafi ba, sai da na yi karatu ta fara ciwo. Sannan ta rage murya ta tambayi abin da kowa ke jira, ko zan gaya wa mutanen hedikwata.

Na ce ba zan ɓoye ba.

Wata ta ambaci benen bakin titi, wata ta ce ita da yara biyar ina za ta nufa. Raina ya ɓaci ganin yadda suke kallona kamar ni na tsaga simintin, sai bakina ya riga hankalina.

"Gwaggo, gara a fitar da ke da ƙafarki, da a tono ki daga ƙasa."

Umma ta juya ta shige ɗaki. Gwaggo ta leƙa ƙasa ta ce a buɗe ruwa.

Da layi ya zo kanmu na ce a wuce. Na kwantar da gangunanmu uku na gangara da su matakala ɗaya bayan ɗaya, suna ta ƙara kamar ana rushe gidan, na jera su a ƙasa kusa da tanki. Na sayo jarka biyu. Sahu shida na yi a ranar kafin in tafi ofis, na isa da jiƙaƙƙen siket.

Da yamma Umma tana tsintar shinkafa ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, ko na tabbata.

Na ce na tabbata za ta faɗi, ranar ce ban sani ba.

"To ranar suke so ki faɗa musu, Auta. Kowa ya san zai mutu, ai ba ya hana shi cin abinci."

Ta ce wannan taurin kai ba a wurinta na samo ba, kuma wanda na samo a wurinsa ya tafi ya bar ta da shi ita kaɗai. Ba ta ce in janye ba. Ba ta kuma ce na yi daidai ba.

Ranar Laraba Manaja ya tura Baba Magini shi kaɗai ya cike tsagar. Da safe cokalin gininsa ya ɓata. Da aka samo, yashi ya yi laima. Da yashi ya bushe, sai ya tuna ƙofar shiga rukunin ba ta sha fenti ba, kuma ita baƙi za su fara gani. A can na same shi da azahar yana shafa fenti a natse kamar mai yi wa jariri wanka.

"'Yata, ana iya ƙin abu ba a ce an ƙi ba," ya ce da ni. "Ke kuwa sai kin sa masa hannu da hatimi."

Na ce a makaranta ba a koya mana ɓatar da cokali ba. Ya ce shi ya sa har yanzu shi yake da aiki tabbatacce.

Da na koma gida na tarar an yi aikin da muka ƙi. Matan sun sayo siminti da kansu, sun kwaɓa a tsohon kwano, sun cike tsagar da cokalin miya. An shimfiɗa sababbin tabarmi a kowace ƙofa. Na tsaya ina kallo, na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Aikin ma ya yi kyau, hannun Gwaggo ne, ta bi shi a miƙe kamar kalmasa.

Alhamis baƙi uku suka zo a mota ɗaya, har da Babban Injiniya, wani dogo marar yawan magana. Manaja ya zaga da su benaye biyun farko, aka sha shayi a ofis, aka rattaba hannu a littafin baƙi. Suna nufar mota na sha gabansu. Na fuskanci Babban Injiniya.

"Ranka ya daɗe, akwai abin da ba ka gani ba a benen ƙarshe."

Ya dubi Manaja. Manaja ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Muka hau.

Barandar ta sha shara da wanki. An shanya zannuwan gado a kan gangunan, sai ka ce jerin tebura. Gwaggo tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunno, daidai kan tabarmar ƙofarta, tana dajiyar riga da hannu. Ta gaida baƙi da fara'a. Na durƙusa a gabanta kamar yadda na saba tun ina ƙarama.

"Gwaggo, ɗan tashi."

Ta dube ni, allurar na hannunta. "Auta, ni ce fa."

"Na sani, Gwaggo."

Ta daɗe kafin ta dafa bango ta miƙe. Na janye kujerar, na naɗe tabarmar, na sa makullin ɗakinmu na kankare simintin jiya. Bai gama kamawa ba, ya taso ɓaro-ɓaro. Babban Injiniya ya tsuguna ya zura birorsa a tsagar, ta shige har murfi. Ya ɗaga zanin gado ɗaya, ya ƙwanƙwasa gangar ya ji a cike take, ya bi sauran da ido. Sai ya ce kowa ya matso jikin bango. Na ba shi fasassun gilasan a ambulan, da shafi uku da na rubuta. Ya tambayi wanda ya koya min sa gilashi, na ce makaranta. Ya ce madalla. Iyakar abin da ya ce da ni ke nan.

A shafi ukun nan abu uku na nema: a sauke ganguna, a tokare barandar da turakun ƙarfe tun daga ƙasa, a gyara injin ruwa don kada a bar mutane da dako. Bayan mako guda takarda ta zo. An karɓi biyun farko. Na ukun an ce ana dubawa. Aka kuma ƙara abin da ban rubuta ba, wato a kwashe hawan gaba ɗaya har sai an gyara.

Manaja bai ce min ai na faɗa miki ba. Ya sa babbar rigarsa ya tafi hedikwata, ya wuni a kan benci, washegari ya koma. Da ƙyar ya sauko da su daga ƙofa takwas zuwa biyu, ta bakwai da ta takwas. Aka ba Gwaggo da iyalin wani tsohon malamin makaranta ɗakuna a wani rukunin gidaje can bayan gari, mota biyu daga nan, inda ba wanda ya san ɗinkinta.

Ranar da za su tashi Umma ta wuni a ɗakin tana naɗe kaya. Na shiga na kama kan keken zan sauke, Gwaggo ta ce in bar shi, yana da nauyi, kada in tsage. Na ba ta haƙuri a kan maganar da na faɗa mata ranar Talata, na ce bakina ya yi kaifi. Ta ce ba maganar ce ta fitar da ita ba, makulli ne. Ta riƙe hannun ƙaramin jikanta, ta sauka matakalar a hankali, taki ɗaya hutu ɗaya.

Daga nan sai dako. Leburori suka sauke gangunan duka, aka kafa turaku goma sha biyu, jajaye, tun daga ƙasa har ƙarƙashin barandarmu. Mesa ta zama ba ta da amfani, don ba inda za a tara ruwan sai bokiti da tukwane. Kullum da safe matan hawan suna kan matakala, masu hawa da masu sauka, ni ma ina cikinsu. In mun haɗu a kwana sai a kauce min a bar min hanya fiye da yadda nake buƙata. Ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya, da sunan 'ya'yansu, ko sun amsa ko ba su amsa ba. Ban taɓa sunkuyar da kai ba. Matar ƙofa ta uku tana da tsohon ciki, na riƙa ajiye mata jarka biyu a bakin ƙofa. Takan jira sai ta ji na shiga ɗaki sannan ta jawo su, da yamma in tarar da su a wanke a ƙofarmu.

Tafin hannuna ya yi kanta. Kafaɗata ta dama ta fara wani ciwo da har yau in na ɗaga hannu sai na ji shi. Kowace Litinin ina rubuta sabuwar wasiƙa a kan injin, in kai hedikwata da ƙafata, in tsaya sai an buga min hatimin karɓa. Har masinjan wurin ya fara kirana Uwar Famfo.

Da shekarar gwajina ta cika Manaja ya kira ni. Ya fara nuna min abin da ya rubuta a kaina, shafi guda cur na yabo, har na ji kunya. Sannan ya nuna min amsar hedikwata, layi biyu. Ba a tabbatar da ni ba, saboda na tsallake shugabana na kai magana sama ba ta hanyar da aka tsara ba. Na karanta sau biyu. Ba ƙarya a ciki, na tsallake shi.

Ya tambaye ni in da za a mayar da ranar, ko zan bar su su shiga motarsu. Na ce a'a. Ya gyaɗa kai ya ce ya sani, tambaya kawai ya yi.

Yanzu wata biyar ke nan ina gida, ina koyar da lissafi a wata 'yar makarantar kuɗi kwana uku a mako. Injin yana nan a ƙone. Ƙofa ta bakwai da ta takwas suna nan da kwado. Duk ranar Lahadi Umma takan yafa mayafi ta shiga mota biyu ta je wurin Gwaggo. Ba ta taɓa cewa in raka ta ba, in ta dawo kuma ba ta cewa ana gaishe ni. Sau ɗaya dai ta ce Gwaggo ta sayar da keken.

Barandar ba ta faɗi ba, kuma yanzu ba za ta faɗi ba, don haka babu ranar da wani zai ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce ashe gaskiyarki ce. Na daina jiran wannan. Na tsaya a kan abin da na sani, kuma ya ci aikina, ya ci gaisuwar mutanen da suka goya ni. Gwaggo kuwa, wadda ba ta zaɓi tsayuwar nan ba, ita ta rasa ɗakinta da sana'arta.